Abin da muka tattauna a kan aikin gwamnati da waya

Jiya bayan isha'i a majalisarmu ta Garwa, Kamaru, aka yi ta muhawara kan yadda talaka zai bi diddigin aikin gwamnati da wayarsa, to ga abin da na tsinta. Kusan kowa ya yarda hoto shi ne makami, in an kafa allon kwangila na rijiya ko ajin makaranta ka dauka tun ranar farko, kudin da wa'adin su fito sosai, wata uku ka koma ka sake dauka a wuri daya, ka tura ma mutum biyu saboda waya tana bata ko a kwace.

Wani dattijo ya ja kunne, wai kar a watsa abin da ba a tabbatar ba a WhatsApp, dokar intanet ta Kamaru ta 2010 tana daure mutum kan labarin karya. Gaskiyarsa wallahi. Cin hanci kuwa a kira CONAC, hukumar yaki da cin hanci ta Kamaru, a lamba 1517, kyauta ne.

Dan uwanmu na Njamena ya tuna mana Chadi ta toshe Facebook da WhatsApp wata 16, daga 2018 zuwa 2019, shi ya sa shi har yanzu yana rubuta komai a littafi ma.