Wankin haƙori a asibiti ya sa haƙorana girgiɗi

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Kada wanda ya kai bakinsa wankin haƙori asibiti. Lafiya lau na je, aka ƙanƙare ni da inji, yanzu haƙoran gaba na ƙasa girgiɗi suke. Ƙashi ne fa! Wa ya ce a ƙanƙari ƙashi?

Anti Nas: Sannu Baban Khalifa, Allah ya sawwaƙe, amma injin bai da laifi. Saiwar haƙori tana zaune ne cikin rami a ƙashin muƙamuƙi, wasu siraran zaruruwa suka ɗaure ta da bangon ramin, shi ya sa ko lafiyayyen haƙori yana ɗan motsi. Dattin da ya daskare a gindin haƙori shi ke kumbura dasashi, ciwon ya yi ta cin zaruruwan da ƙashin a hankali. Dattin ne ya tokare haƙoran. Da aka cire shi, ɓarnar ta fito fili. Kuma haƙori ba ƙashi ba ne.

Ɗan Zazzau: Ba ƙashi ba? To nama ne, Anti?

Anti Nas: Ƙashi in ya karye ana ɗori ya haɗe. Ka taɓa ganin an kai haƙori wurin mai ɗori?

Ɗan Zazzau: To me ya sa idan an tono tsohon ƙoƙon kai ake ganin haƙoran reras?

Malam Na Sabon Gari: Saboda ɓawon haƙori ya fi komai tauri a jikin mutum, har ƙashin. Yaro na da 20, ya yi famfara, babba 32. Wane ƙashi ne ke zuba ya sake tsirowa?

Bakano: Ku ƙyale Bazazzagi, goro ya rina masa nasa, shi ya sa yake kare su.

Ɗan Zazzau: Bawa dai bawa ne. Kakana da asuwaki ya tsufa, turamensa ko ɗaya bai faɗi ba.

Maman Ihsan: Kakanka yana shan lemon kwalba da alawa?

Baban Khalifa: Jama'a, ni fa girgiɗi nake magana.

Anti Nas: Ka koma a yi maka hoton muƙamuƙi, a ga yawan ƙashin da ya rage.

Ɗan Zazzau: Kun ji ta! "Ƙashin da ya rage." Ta yarda.

Anti Nas: Na muƙamuƙi nake nufi, Malam!

Admin: Ya isa haka. Abin da aka cimma: haƙori ƙashi ne, Anti da kanta ta furta, kuma asuwaki ya fi. Maganar goro, Bakano ya janye ta kafin Magariba. Mu Zage-zagi ba ma ɗaukar raini. An rufe.