Gizo yana cuta yana tsira, wane darasi yara za su ɗauka?

Malama, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Yara 'yan shekara 6 zuwa 9 sun fi son Gizo a kan kowa, alhali maƙaryaci ne, kuma sau da yawa yakan tsira. Yaya za a ba su tatsuniyarsa ba tare da sun ɗauki cuta a matsayin gwaninta ba?

Baba na Kawo: Wa alaikumus salam, Malama. Matsalar tana wajen zaɓe. A fara da ta Gizo da hankaki. Sun ara masa fuka-fukai ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa, duk ɗan da wani ya nufa sai ya ce shi ya riga gani. Suka zare gashinsu ɗaya bayan ɗaya, suka bar shi a kan itace. Nan yaro yana ganin abin da haɗama ta jawo, ba sai an gaya masa ba. Ta giwa da dorina, inda ya ci bashinsu ya haɗa su jan igiya ya sulale, a ajiye ta sai sun kai shekara 10, lokacin da za su iya gane cewa mai ƙarfi ma rashin bincike yana kayar da shi.

Goggon Yara, Rigasa: Baba ya yi gaskiya. Amma kuskuren da ya fi yawa shi ne wa'azi a ƙarshe. Da an ce ƙurunƙus, a tambaye su: wa aka cuta? Da kai ne hankaka, me za ka yi? Su fito da darasin da bakinsu.

Kuma a kula da murya. Tsamin bakin Gizo, ya ce "shaiki" maimakon sarki, shi ke sa yara dariya, su gan shi abin dariya ba abin koyi ba. In akwai waƙa a ciki, a rera su amsa. Kada tatsuniyar ta wuce minti 10, biyu sun isa a dare ɗaya.

Malam Ɗan Zazzau: Kada a tsaya kan Gizo kaɗai. Kura tana nan don kwaɗayi da tsoro, dila malamin daji don dabara, Ƙoƙi kuma don haƙuri da hankali. Sannan, Malama, kada ki bar "ga ta nan, ga ta nanku". Sai sun amsa "ta zo mu ji ta" hankalinsu ke taruwa wuri ɗaya.