Hawan jini: in ci gaba da fita gobara ko in koma ofis?

Mai Riƙon Tiyo: Assalamu alaikum. Ni ɗan kwana-kwana ne. Likita ya auna jinina ya samu 150/95, ya ɗora ni a kan maganin hawan jini. Shugabanmu kuma ya ba ni zaɓi, ko in ci gaba da fita gobara, ko in koma sashen duba gine-gine, inda babu aikin dare amma alawus ɗin haɗari zai tafi. Abin da ya fi damuna shi ne yadda zuciyata ke dukan uku-uku duk lokacin da ƙararrawa ta tashe ni daga barci. Ina neman shawarar wanda ya taɓa shiga wannan hali.

Direban Tanki: Ɗan'uwa, ka je asibiti a auna ka, kuma ka rage gishiri.

Tsohon Sajan: Ai ya ce an auna shi. Ƙanena, karɓi ofis ɗin nan. Wani abokin aikinmu ya fito daga gobara lafiya ƙalau, muna naɗe tiyo sai ya dafe ƙirji ya zube, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Da iyalinsa suka nemi haƙƙinsa, sai aka ce wuta ba ta taɓa shi ba, don haka ba za a lissafa shi cikin waɗanda suka rasu a bakin aiki ba. Har yau matarsa tana yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan.

Ma'aikaciyar Jinya: Allah ya jiƙansa. Binciken da mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa a 2007 ya nuna cewa ciwon zuciya ne sanadin kusan kashi 45 cikin ɗari na mutuwar 'yan kwana-kwanan Amurka a bakin aiki. Zafi da nauyin kaya da zufa mai yawa suna sa jini ya yi kauri ya kuma yi saurin daskarewa, shi ya sa haɗarin ba ya gushewa da mutuwar wutar. Malam, ka nemi a gwada zuciyarka kana cikin motsa jiki kafin ka yanke shawara.

Direban Tanki: Hajiya, da girmamawa, wanda bai taɓa shaƙar hayaƙi ba bai kamata ya hana mu fita ba. Na daɗe ina shan magani, kuma ina aikina.

Ma'aikaciyar Jinya: Malam, ban hana kowa ba, amma mu ne muke karɓarku idan an kawo ku ranga-ranga.

Sabon Shiga: Yallaɓai, a ofis ma jinin zai hau ranar da ka ga albashi babu alawus.

Tsohon Sajan: Tunda an ambaci hayaƙi, a tasharmu tukwanen iskar numfashi da muke goyawa mu shiga wuta ba sa isar mu, har ta kai wasu suna shiga gini da jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci, wanda ba ya tare iskar gubar da ke hana jini ɗaukar iskar numfashi. Ku a taku tashar, yaushe rabon da a kawo sababbi?