Mahaifiyata tana haɗa alprazolam da zolpidem, yaya zan yi?

Assalamu alaikum. Don Allah masana magani ku taimaka min. Mahaifiyata, mai shekara 68, ta yi wata takwas tana shan alprazolam saboda fargaba. Da barci ya ƙaurace mata, wani likitan ya rubuta mata zolpidem, bai san da na farkon ba. Yanzu da jiri take tashi, jiya har ta faɗi a banɗaki.

Hankalina bai kwanta ba, domin dukansu biyu suna danne ƙwaƙwalwa, haɗa su kan rage numfashi cikin barci. Ga shi yanke alprazolam farat ɗaya yana iya jawo farfaɗiya. Ganin likitanta kuwa sai mako mai zuwa. Me zan yi kafin nan? Wace alama ce za ta sa mu garzaya asibiti cikin dare?