Abin da ya fito daga tattaunawa kan maganin ciwon daji da boron da nutron

A wani zama da ɗaliban likitanci da na kimiyyar nukiliya suka yi a Samaru, Zariya, shawarar da ta fi rinjaye ita ce a fahimci yadda wannan hanyar jinya ke yi wa ƙwayoyin ciwon daji ɓarna kafin a yi wa majinyaci alkawari. Ana ɗura wa mai ciwon daji wani magani da ake kira BPA mai ɗauke da boron-10 (wani nau'i na sinadarin boron), wanda ƙwayoyin daji suke zuƙa fiye da lafiyayyun, sannan a haska wurin da nutron, wato wasu ƙananan ɓarɓashi da ke cikin ƙwayar zarra. Idan boron ya kama nutron sai ya tarwatse zuwa ɓarɓashi biyu masu ƙarfi, alfa da litiyam-7, waɗanda tafiyarsu ba ta kai mikromita 10 ba, wato kusan faɗin ƙwaya guda. Suna tsinka igiyoyi biyu na DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwaya, a lokaci ɗaya, a wurare masu kusa da juna, kuma irin wannan rauni yana da wuyar gyaruwa, don haka ƙwayar takan mutu ko ta kasa rabuwa.

Masu jawabi sun ja kunne cewa ƙwayar da ba ta sha boron sosai ba tana iya tsira, ciwon ya dawo, kuma nutron ba ya isa can cikin jiki. Japan ta amince da hanyar a 2020 don dajin kai da wuya da ba ya yiwuwa a fiɗe.

Abin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne gargaɗin cewa na'urar nukiliya ta NIRR-1 da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta bincike ce, ba ta jinya ba. Kada majinyaci ya bar maganin da likitocinsa suka ɗora shi a kai a Asibitin Koyarwa na Shika yana jiran wannan.