Me ya sa Gini ta ce a'a a 1958, Nijar kuma ta ce i?

Ɗalibin Tarihi, Katsina:

Assalamu alaikum. A ranar 28 ga Satumba 1958 Janar de Gaulle, shugaban gwamnatin Faransa a lokacin, ya sa aka yi ƙuri'ar raba gardama a ƙasashen da Faransa ke mulka, cewa ko dai su zauna cikin tarayya da Faransa, ko kuma su karɓi 'yancinsu nan take su ji da kansu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Sekou Toure na Gini da Djibo Bakary na Nijar duk sun nemi jama'a su ce a'a, kuma kowannensu shi ke jagorantar gwamnatin ƙasarsa a lokacin, amma ɗaya ya yi nasara ɗaya ya sha ƙasa. Ina roƙon malamanmu su fayyace mini inda aka rabu.

Tsohon Malamin Makaranta, Damagaram:

Wa alaikumus salam, ɗana. An rabu ne tun kafin ranar ƙuri'a, kuma a kan sarakuna aka rabu. A ƙarshen 1957 gwamnatin Sekou Toure ta soke sarautun gundumomi a Gini, ta yadda lokacin da de Gaulle ya sauka Konakiri a watan Agusta 1958, babu wani hakimi da Turawa za su tura ya juya musu ƙauyuka, domin jam'iyyar Toure ta PDG ce ke riƙe da kowane lungu. Shi ya sa Toure ya iya faɗa masa ido da ido cewa sun gwammace talauci cikin 'yanci da wadata cikin bauta, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari suka bi shi. Ranar 2 ga Oktoba Gini ta zama ƙasa mai cin gashin kanta.

Djibo kuwa da goyon bayan sarakuna da dama ya hau mulki a 1957, alhali ƙarfin jam'iyyarsa ta Sawaba na ainihi yana wurin 'yan ƙwadago, direbobi, 'yan tireda da sauran talakawan birane irin su Maraɗi da nan Damagaram. Da ya ce a'a, sai Faransa ta aiko sabon gwamna, Don Jean Colombani, wanda ya bi sarakunan nan da lallashi da barazana har suka juya wa Djibo baya, suka koma wajen Diori Hamani da jam'iyyarsa ta PPN-RDA. Sakamakon da aka bayyana ya ba masu cewa i kusan kashi 78 cikin ɗari, amma waɗanda suka fito ƙuri'ar ba su kai kashi 40 na masu rajista ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan Sawaba ne. Katinsa na jam'iyya mai hoton raƙumi a cikin rumbun gero ya ɓoye shi bayan an haramta jam'iyyar a 1959, ba mu gan shi ba sai bayan rasuwarsa.

Hajiya Mai Nazari, Yamai:

Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ina ganin bai kamata a ɗora komai a kan Colombani ba. Gini tana da tashar jiragen ruwa da ma'adinin da ake yin ƙarfen alminiyum da shi, Nijar kuwa ba ta da teku, kuma gyaɗar da take taƙama da ita Faransa ce ke saye. Manomin da ya ji an ce za a daina sayen gyaɗarsa, da tsohon sojan da ya ji tsoron rasa fanshonsa, ba lallai sai an tilasta musu ba. Abin da ya sami Gini kuma ya nuna tsoron nasu yana da tushe, domin Faransawa sun kwashe ma'aikatansu da kayan aiki cikin fushi, har sai da Kwame Nkrumah na Gana ya agaza mata da rancen fam miliyan 10.

Tsohon Malamin Makaranta, Damagaram:

Hajiya, na karɓi gyaranki, amma ki tuna cewa Faransa tana tsakiyar yaƙin Aljeriya a lokacin, kuma Nijar ce ke kan iyakar Aljeriya ta kudu, saboda haka ba za ta yarda ƙasar ta kuɓuce mata kamar Gini ba. Akwai kuma fargabar kada Nijar ta karkata ga Nijeriya, ganin kusancin Sawaba da NEPU ta Malam Aminu Kano, waɗanda ko kalmar sawaba tare suke amfani da ita.

Ɗalibin Tarihi, Katsina:

Na gode, Baba, na gode, Hajiya. Na duba abin da ya biyo baya: Djibo ya sauka daga mulki bayan ƙuri'ar, Diori ya karɓa a watan Disamba 1958, kuma ranar 3 ga Agusta 1960 Faransa ta ba Nijar 'yancin da aka ce ta ƙi shekara biyu kafin nan, a lokacin Djibo yana gudun hijira. Yanzu tambayar da ta rage mini ita ce harin da 'yan Sawaba suka kawo da makamai a 1964, wanda zan buɗe masa nasa zauren.