Wace manhaja ce ta dace da mayar da hotunan jirgi mara matuƙi taswira?

Sabon shiga: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Na fara karɓar aikin ɗaukar hotunan filaye da jirgi mara matuƙi, kuma masu ba da aiki sun soma neman taswirar da za a yi awo a kanta, da lissafin yawan tulin tsakuwa a wurin fasa dutse, wasu kuma siffar gini ta 3D suke so. Sunayen da nake ji sun yi yawa: Pix4D, Metashape, DroneDeploy, WebODM. Kwamfutata tafi-da-gidanka ce mai RAM gigabait 16. Wacce kuke ganin ya kamata in dogara da ita?

Tsohon mai safiyo: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara raba ayyukan nan gida biyu, domin bukatunsu sun sha bamban. Taswirar awo da lissafin tuli suna bukatar manhajar da ke karɓar alamomin ƙasa, wato wuraren da aka auna da na'urar GNSS (mai auna wuri ta tauraron ɗan adam, irin GPS) aka shimfiɗa musu alama kafin jirgi ya tashi, sannan ta fitar da fayilolin GeoTIFF (hoton taswira mai lambobin wuri) da LAS (tarin ɗigo, wato ɗigogin da ke nuna siffar wurin a 3D) a tsarin ma'aunin da mai aiki ya zaɓa. Siffar gini kuwa kaifin gefuna da kyan fuska take nema. A aikin awo ni Pix4D nake riƙe da ita, ta kamfanin Suwizalan da ya fito daga jami'ar EPFL a 2011. Abin da ya sa na tsaya a kanta shi ne rahoton ingancin da take bayarwa bayan matakin farko: tana nuna hotunan da suka haɗu da waɗanda suka ƙi, da yadda ma'aunin kyamara ya sauya daga na asali, da kuskuren kowace alama. Wannan rahoto shi ne hujjarka ranar da mai aiki ya tambaye ka dalilin da zai yarda da lambobinka.

Injiniyan hanya: Baba ya yi gaskiya kan rahoto, amma ni zan ba da shawarar Agisoft Metashape, wadda a da ake kira PhotoScan. Tana aiki a Windows da macOS da Linux, lasisinta na dindindin ne, kuma tana barin mutum ya sa hannu a kowane mataki: ka daidaita hotuna, ka tace ɗigon haɗi (wuraren da manhaja ke gane su a hotuna daban-daban don haɗa su) marasa inganci, ka sake lissafin kyamara, kafin ka ɓata sa'o'i wajen gina tarin ɗigo mai yawa. Sai dai ka kula, ƙanena, tana da nau'i biyu, kuma Standard ba ta karɓar alamomin ƙasa masu lambobin wuri, ba ta fitar da taswirar tudu da kwari ko haɗaɗɗen hoton taswira. Mai aikin awo Professional yake bukata. Kamfanin kuma a Rasha yake, saboda haka idan hukuma ce ta ba ka aiki, ka duba ko kwangilar ta gindaya sharaɗi kan asalin manhaja.

Malamar jami'a: Ni da WebODM nake koyar da ɗalibai, kuma ina ganin ita ce ta fi dacewa da mai farawa. An gina ta ne a kan OpenDroneMap, lambobin da aka rubuta ta da su a buɗe suke ga kowa, tana karɓar alamomin ƙasa, tana fitar da haɗaɗɗen hoto da taswirar tudu da kwari, har ma tana lissafin tuli. Inda take da wuya shi ne cin RAM. Jagoran masu ita ya nuna cewa gigabait 16 na ɗaukar hotuna kusan 250, gigabait 32 kuma kusan 500, don haka kwamfutarka za ta iya wurin fasa dutse matsakaici amma za ta gaza a babban fili, sai dai ka raba aikin kashi-kashi ko ka yi hayar saba, wato babbar kwamfuta da ake aiki da ita ta intanet.

Mai zanen gine-gine: Game da siffar gini, ban ga wadda ta kai RealityCapture sauri da fitar da ƙananan bayanai ba. Kamfanin Sulobakiya ne ya ƙirƙire ta, Epic Games ya saye shi a 2021, yanzu kuma ana kiranta RealityScan. Tana iya haɗa hotunan jirgi da na kyamarar hannu da awon na'urar leza a aiki guda. Ka tabbatar kwamfutarka na da katin hoto mai ƙarfi, na NVIDIA shi ne aka saba amfani da shi. Kuma hoton da aka ɗauka daga sama kai tsaye ba ya ganin bango. Dole ka zagaya ginin da kyamara a karkace, a tsayi daban-daban. Gilashi da kwanon rufi mai sheƙi za su ba ka wahala a kowace manhaja.

Sabon shiga: Na gode ƙwarai. To, Baba, idan na sayi jirgi mai RTK, wato tsarin da ke gyara lissafin matsayin jirgi nan take yana tashi, shin na huta da shimfiɗa alamomin ƙasa? DroneDeploy kuma fa, tunda ita ba ta bukatar babbar kwamfuta?

Tsohon mai safiyo: RTK na rage yawan alamomin da za ka shimfiɗa, amma ba ya ɗauke maka nauyin tantancewa. Ka auna wasu wurare da ba za ka ba manhaja su shiga lissafi ba, ka ajiye su don gwada sakamako. Kuskuren da ke fitowa a kan alamomin da aka yi lissafi da su galibi ƙarami ne, tunda manhajar ta ja taswirar ta dace da su. Na wuraren da ka ɓoye mata shi ne ainihin kuskurenka. Akwai wata matsala da ido ba ya gani: idan dukkan hotuna daga sama kai tsaye aka ɗauke su a layuka masu tafiya gefe da gefe, ɗan kuskure a lissafin ruwan tabarau na kyamara kan sa fili shimfiɗaɗɗe ya lanƙwashe, tsakiya ta taso ko ta lotsa. Taswirar za ta yi kyau, tsayin kuma ya kauce. Maganinsa shi ne ka ƙara wasu hotuna a karkace, ka sa alama a tsakiyar fili ba a gefuna kaɗai ba. Wannan na faruwa a Pix4D kamar yadda yake faruwa a WebODM.

Injiniyan hanya: Ƙari a kan maganar Baba, ka bincika irin tsayin da jirgin ya rubuta a hotuna. GNSS na ba da tsayi daga siffar duniya ta lissafi da ake kira WGS84, injiniyoyi kuwa tsayi daga matakin teku suke so, kuma tazarar biyun kan kai mita goma-goma a wurare da yawa. Manhajar da za ka zaɓa ta zama mai karɓar tsarin gyara tsayi zuwa na matakin teku, irin EGM2008. Game da DroneDeploy, tana da sauƙi wajen tsara tashi da nuna wa mai aiki sakamako, amma hotuna 500 na kyamara mai megafiksel 20 sun kai gigabait huɗu ko kusa, dole ka ɗora su a intanet, kuma wasu masu aiki ba sa yarda hotunan wurinsu su zauna a sabar wani kamfani.

Malamar jami'a: Shawarata ta ƙarshe, ɗana, ka ɗauki fili guda da kyau ka yi gwaji da shi. Hotuna su hau kan juna da aƙalla kashi 75 cikin 100 ta gaba da kashi 60 ta gefe. Kyamarar jirgin Phantom 4 Pro a tsayin mita 100 na ba da kusan santimita 2.7 a kowane ɗigon hoto, kuma aiki mai kyau kan ba da kuskuren tsayi da bai wuce ninki biyu zuwa uku na wannan ba. Ka sa hotunan nan a WebODM, ka sa su a Metashape da Pix4D cikin wa'adin gwajinsu, sannan ka ɗora tarin ɗigon a kan juna a manhajar CloudCompare ka ga inda suka saɓa. Wajen lissafin tuli, ka duba yadda kowacce ke zana ƙasan tulin, domin tulin da ya jingina da bango ko gangare na ba da adadi daban idan aka sauya wannan zaɓi, kuma ya kamata ka rubuta wanda ka yi amfani da shi a rahoton da za ka miƙa.